Ganyen Ƙofar Gidan Tankari

Yayata Saudat ba ta duniya. Ga abin da ya faru kafin rasuwarta.

Akwai wani ɗan kasuwa a birnin Guangzhou na China mai suna Tankari, mijin Saudat, da ke sarin tufafi a kasuwar Canaan yana turawa Kano. Gidan hayarsu na gefen gari, bayan wata ƙaramar masana'antar narka roba. A ƙofar gidan akwai bishiyoyin nan masu siririn ganye kamar allura.

Saudat na da asma tun ƙuruciya, amma da suka tare a gidan sai tarin ya daina jin magani.

Wata safiya Tankari ya hango wani baƙar fata sanye da safar hannu, yana datsar ganyen da almakashi yana zubawa a kula mai ƙanƙara. A garinsu, mai ɗibar ganye ko ƙasar ƙofar gidanka, boka ne ya aiko shi.

"Malam, wa ya turo ka?"

"Sannu Alhaji. Sunana Izzuddeen, ni ɗalibi ne a jami'a. Ganyen nan yana da maiƙo kamar kakin zuma, duk dattin da ke cikin iska maƙale masa yake yi. Shi muke aunawa."

"Duk faɗin China sai ƙofata? Har da safa, don kada abin ya kama ka?"

"Don kada dauɗar hannuna ta ɓata awon ne."

"To likitan itace, kada in sake ganinka."

Ranar Juma'a a masallacin Huaisheng, Tankari ya bi 'yan'uwa yana cewa a yi hattara da yaron, har wasu suka daina ba shi hannu.

Duk da haka, da sakamakon awon ya fito, Izzuddeen ya dawo.

"Alhaji, duk inda muka ɗebo ganye, babu mai guba kamar naku. Ranar nan na ji ana tari a ciki. Don Allah ku canza gida."

"Ai dama so ake in tashi. Ka gaya wa wanda ya aiko ka ina nan daram."

Ya rufe tagogi, ya turnuƙe ɗakin da turaren tsari.

Da numfashin Saudat ya sarƙe, aka kai ta asibiti. Likita ba ya jin Turanci, 'yan'uwa suka bazama neman tafinta. Wanda ya taso ya zo shi ne Izzuddeen. Likita ya yi magana, Izzuddeen ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, cewa ya yi, me take shaƙa a inda kuke zaune?"

Saudat ba ta fito daga asibitin ba.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma zargi yakan toshe kunne ga mai nufinka da alheri. Abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi kafin a kira shi sammu. Ku tura wa 'yan'uwa, ku taya ni addu'a: Allah Ya jiƙan Saudat, Ya ba mijinta haƙuri, Ya raba mu da mummunan zato. Amin.