Rijiyar Barsu

Tun ƙasar nan tana kurmi, ɓauna na kiwo inda yau ake kasa tumatir, aka yi wani maharbi mai suna Jatau. Masu kirari kan ce masa: Jatau guguwa, mai kwana da takalmi, ubangidan Barsu! Bai taɓa kwana uku a wuri guda ba. An ce in ɓauna ta taso masa sai ya rikiɗe ya zama kututture, ta shinshina ta wuce. Barsu kuwa karensa ne, baƙi mai farin wuya, wanda ke jin ƙanshin gada tun tana bayan tudu biyu.

Maharban zamanin suna da wata al'ada. In kare ya tsufa, ranar tashi daga zango sai a ɗaure shi a gindin itace don kada ya biyo sawu, a aje masa ƙashi da ruwa a sakaina, a tafi ba waiwaye.

Shekarar da Barsu ya cika goma sha huɗu, haƙoransa suka zube, idonsa ya yi hazo, ƙafafun baya suka soma ja. Rani ya matso, tafkin zango ya zama laka. Sarkin Baka Tunau, yayan Jatau, ya ce gobe sai kudu, ya miƙo masa igiya.

"Ƙashi za a aje masa, Yaya? Da wane haƙorin zai ci, naka?"

"Kai Jatau, kare ne fa. Haka muka tarar."

"To ku tarar da hanya. Ni ina nan har ya mutu, kwana nawa ne?"

Tunau ya yi dariya. "Kai? Ko kaza ba za ka iya jira ta gama ƙwai ba. Ƙishirwa za ta kashe ku ku biyu."

Suka tafi. Jatau ya yanke wa kare kwana bakwai, ya ce ba zai wuce su ba. Ina! Barsu ya ƙi mutuwa.

Kada wani ya ce maka zaman ya yi wa Jatau daɗi. Kullum yana kewaya zango kamar ɗaurarren doki, yana zagin kare, yana zagin kansa. Farauta ba ya nisa, don rana na take tsaka sai ya dawo ya daka nama a kan dutse har ya yi laushi, ya ba Barsu a tafin hannu. Ya cire masa kaska, ya gasa masa ƙugu da ɗumin toka, ya yi masa shinge na ƙaya saboda kura. Sau biyu yana rataya baka ya kai bakin daji, sau biyu yana dawowa yana tsaki.

Ruwa ya ƙare ƙaf. Ana cikin haka ya lura kullum da zafin rana Barsu kan ja jiki zuwa gindin wata kanya, ya tone ƙasa ya kwanta, wuri ɗaya ba ya sakewa. Jatau ya sa hannu, ya ji sanyi. Ya ɗauke kare gefe ya kama haƙa da gatari. Da zurfin ramin ya kai gaba huɗu, ruwa ya ɓullo, fari tas.

Fatake suka ji labari suka riƙa yada zango, Fulani suka kawo shanu. Kafin damina biyu bukkoki sun kai ashirin.

A shekara ta uku aka yi fari, sai ga Tunau da jama'arsa, leɓe a tsage, karnuka na layi.

"Ƙanena, ruwa."

"Akwai, Yaya. Amma Barsu mai rijiyar ya ce karnuka tukuna, tsofaffi a gaba."

Sarkin Baka guda ya tsaya da ƙoƙo a hannu har kare na ƙarshe ya ɗaga kai.

Barsu ya mutu a kakar shekarar. Jatau ya binne shi a gindin kanya da hantsi, kafin azahar ya ratsa daji, ko sallama bai yi ba. Ba wanda ya san inda kabarin Jatau yake.

Garin ana kiransa Rijiyar Barsu. Har yau gugan farko na safiya a kwamin dutse ake juye shi, kuma komai girman rawaninka, sai tsohon kare ya sha za ka sha.