Tsagar Kofin Marigayiya

Akwai wani dattijo da ke zaune shi kaɗai a ɗaki ɗaya a saman bene. Mai Agogo mutanen layin ke ce masa, duk da ya shekara biyar rabonsa da buɗe bayan agogon wani. Ido ya yi rauni, jama'a kuma sun koma duba lokaci a waya.

Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna nesa, sukan kira shi ranar da suka tuna. Ɗakin ya yi masa faɗi, har yakan kunna rediyo ba don ya saurara ba, sai don ya ji muryar mutum.

Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne bakin tagarsa. A nan ya jera ƙananan lambuna: wani a gwangwanin madara, wani a murfin kwalba, wani a cikin tsohon agogon bango da ya kwashe wa kayan ciki. Kowanne da yashinsa da 'yan tsakuwoyinsa. Da hantsakin aikinsa yake cire busasshen ganye, da sirinji yake ba su ruwa, kullum ƙarfe takwas na safe, ba gaba ba baya.

Amma 'yar lelensa ita ce wata dunƙulalliyar shuka mai kaurin ganye, a cikin farin kofin shayi mai tsaga. Marigayiya ce ta dasa ta da hannunta. Bai san sunan shukar ba, 'Yar Kofi kawai yake ce mata. Ita yake fara gaisarwa da safe, kuma sau da yawa ita kaɗai yake yi wa magana har rana ta faɗi.

Daidai ƙarƙashin tagar akwai shagon wata tela. Wata rana ta hau benen ta kawo masa rigar da ta gyara wa wuya, sai ta yi ido biyu da 'Yar Kofi.

"Kai, Baba! Don Allah ka sam mini ganye ɗaya mana. An ce irin wannan ko a kan yashi ka ajiye ganyenta, sai ya yi saiwa."

Mai Agogo ya kalle ta ta saman tabarau. "'Yar nan, wannan ba yadi ba ne da za a yanka miki ƙyalle. Ke da kike wuni a kan keke, ina kika san yadda ake kula da abu mai rai?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba," in ji ta, ta sauka jiki a sanyaye.

Ba mugu ba ne, ku yi masa adalci. Gani yake idan ya ba da ganye ɗaya, kamar ya gutsuri wani abu daga matarsa ya ba wani. Sai dai abin ya yi yawa. Ko ganyen da ya faɗi don kansa, ya gwammace ya ture shi ta taga da a ce ga shi a hannun maƙwabci.

To, tsagar nan ta kofi ta daɗe tana damunsa. Duk sanda ya zuba ruwa sai ya tsattsafo ta wajen, ya gangara ya ɗiga a kan rumfar tela, ɗas, ɗas. Tun marigayiya tana raye ya so ya liƙe ta, ta ce, "Bar mini kofina yadda ka gan shi." Ba ta faɗi dalili ba, shi kuma bai tambaya ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara, ai ba ya iya kallon fasasshen abu ya kau da kai.

Wata bakwai bayan zuwan tela, sai ya ga kamar tsagar ta ƙaru. Tsoro ya kama shi kada kofin ya rabe biyu. Ya ɗauko gam, ya bi tsagar ciki da bai da bakin allura. Aiki ya yi kyau sosai, ko ɗigo bai sake fita ba. Har ya yi wa kansa murmushi.

Ya ci gaba da zuba ruwa ƙarfe takwas. Bayan mako biyu ganye ya fara yin rawaya yana laushi. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara mata ruwa. A mako na uku ya taɓa ta da hantsaki, sai kan shukar gaba ɗaya ya biyo hannunsa. Gindin ya yi baƙi ƙirin, ƙasar tana warin ruɓa. Ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai rai, kowanne ya dame masa a yatsa.

Nan ya zauna a bakin gado da kofin a cinya, ya yi kuka kamar ranar ce aka fita da matarsa. Ya rufe tagar, bai kunna rediyo ba.

Kwana huɗu taga a rufe. Tela ta ga abin ba lafiya ba, ta ajiye almakashi ta hau.

"Salamu alaikum. Baba, lafiya kuwa?"

Kofin kawai ya nuna mata. Ta ɗauka ta juya shi, ta shafa wurin gam ɗin.

"Ashe shi ya sa na daina jin ɗiga a rumfata. Baba, to ta ina ruwan zai fita?"

Sai a lokacin ya gane abin da marigayiya take nufi. Ya dafe kai.

Tela ta sauka. Jim kaɗan ta dawo da wani gwangwani da aka huda wa gindi da ƙusa. A ciki ga 'yan shuka biyu, ƙanana, kore shar, kamar an tsaga kara da 'Yar Kofi.

"Ganyen da kake turowa ta taga, a bakin ƙofata suke sauka," in ji ta. "Uku na tsinta, biyu suka kama. A bayan keke na ɓoye su, kada ka gani ka ce na yi maka sata."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Ni da na hana ki, har na ci miki fuska?"

"Haba, Baba. Ai na Mama ne. Gida na dawo da su."

Ya ɗauko 'yar wuƙar buɗe agogo, ya zauna ya kankare gam ɗin nan tas. Ya wanke kofin, ya zuba sabon yashi, ya dasa ɗaya. Ɗayar kuma ya tura mata gwangwanin.

"Ki riƙe wannan a wajenki, 'yata. Idan ta yi ganye ki ba duk wanda ya roƙa. Ban yarda da kaina ba, wata rana zan sake yin gwaninta."

Bayan kwana uku, ƙarfe takwas daidai, tela tana zura zare sai ta ji ɗas a kan rumfa. Ta leƙo, ta ga taga a buɗe, Mai Agogo yana ɗago mata hannu.

"Ina kwana, 'yata? Ya 'yar taki ta tashi?"

Darasi: Abin da ka ƙanƙame kai kaɗai, ranar da ya salwanta babu inda za ka nemo shi. Wanda ya fita daga hannunka zuwa ga mutane shi ne zai iya dawo maka. Kada ka raina maƙwabcinka, kada kuma ka yi saurin gyara abin da ba ka tambayi dalilinsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san yana da dattijo a kusa da ba a leƙa ba kwana biyu.