Biron Da Aka Yi Da Ƙotar Malam Buba

Akwai wani kafinta a Birnin Kudu da ake kira Hambali. Ya daɗe yana yin kujeru da ƙofofi, sai da furfura ta fara fito masa ya koyi wata sabuwar sana'a a waya: sassaƙa biro na katako. Za a yanko ɗan guntun itace, a huda shi daga wannan kai zuwa wancan, a zura siririn bututun tagulla, sannan a ɗora a inji mai juyi ana shafa masa cizal, ƙarfen sassaƙa, har ya yi sumul.

Hambali ya iya, ba a ƙwace masa wannan. Aibinsa ɗaya ne, yana son a gani a yaba.

Wata ranar kasuwa yayarsa Juwairiyya ta zo daga Gwaram, inda take aure tun yana ɗan saurayi. Ta kwance wani tsohon zane, sai ga ƙotar fartanyar mahaifinsu, marigayi Malam Buba.

Hambali ya ƙura mata ido. Ƙotar itacen kirya ce, ta yi baƙi tana sheƙi saboda gumin hannu. Nan take ya tuna gonarsu ta Sundimina, da yadda Baba yake jingine fartanyar a gindin tsamiya idan Inna ta kawo fura, da yadda su biyun suke rigimar wanda zai ɗauko ta a dawo gida. Kewa ta kama shi, har ya kasa tambayar mutanen gida.

Juwairiyya ta gaya masa abin da ya kawo ta. Ta shiga makarantar manya da tsufanta, yanzu tana iya haɗa baƙi da wasali na boko. Tana so ya fitar musu da biro biyu daga ƙotar, ɗaya nata ɗaya nasa.

"Sunan Baba nake so na fara rubutawa da shi," in ji ta. "Shekara da shekaru ina ɓoye ƙotar nan, ko 'ya'yana ban bari sun taɓa ba."

Da ya duba da kyau, ya ga ƙwari sun cinye mafi yawanta ta ciki. Wurin da ya rage da lafiya bai wuce ya ba da guntu biyu ba, kuma da ƙyar.

To, a aikin nan hudar ita ce uwa. Bakin huda, wato ƙarfen da ake ɗaura wa inji, iri-iri ne. Akwai na huda ƙarfe, mai dakushin kai, wanda ke yawo kafin ya kama hanya. Akwai na huda katako, mai ɗan tsini a tsakiya da ke riƙe shi kada ya kauce. Kuma dole kaurinsa ya yi daidai da bututun. Hambali ya san duk wannan. Al'adarsa ma ba ya huda itacen kirki sai ya fara gwada bakin a jikin wani guntun banza.

Amma a satin nan ya sayo sabon injin huda daga Kano, da akwatin bakuna masu ruwan zinare, an jera su kamar haƙora. Washegari bayan yayarsa ta koma, maƙwabtansa masu shaguna suka taru kallon injin. Safiyanu tela yana ta zuga shi, wai yanzu kam Birnin Kudu ta yi masa kaɗan.

Kan Hambali ya kumbura. Ya tsallake tsohon bakinsa na huda katako da ya saba da shi, don ya yi tsatsa ba zai yi kyau a idon mutane ba. Ya zaro sabo mai ƙyalli, na huda ƙarfe, bai gwada ba, ya ɗaure guntun farko ya danna.

Busasshiyar kirya ba ta son garaje. Ana shiga kaɗan ne a fito da bakin, a kakkaɓe garin, a bari ya huce. Shi kuwa ya tura a tashi ɗaya. Hayaƙi ya tashi, aka ji ƙas, guntun ya tsage gida biyu.

Masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Safiyanu ya tuna yana da ɗinkin da zai ƙarasa.

Hambali ya zauna da ɓarin biyu a tafin hannunsa. Kunyar mutane ba ta dame shi ba kamar abin da ya ji a ransa: itacen da ya jure wa damina da rani a hannun Baba, shi ya kashe shi don a tafa masa.

Ya naɗe guntun da ya rage ya ajiye. Ya nemo tsofaffin ƙotocin kirya wurin maƙera yana gwaji a kansu, har ya tabbatar tsohon bakin nan mai tsini shi ne daidai. Ya goge tsatsar, ya wasa shi. Ranar da zai yi hudar ya janyo ƙofar shago, ya rage gudun injin, yana shiga yana fita da bismilla. Hudar ta fita sarai. Ya sassaƙa, ya bi da samfefa, ya shafa mai har launin ƙotar na dā ya dawo.

Ya hau mota zuwa Gwaram. Juwairiyya ta karɓi biron da hannu biyu tana juya shi, idonta ya ciko. Can ta ɗago.

"Ina naka?"

Bai ɓoye mata komai ba, har da zugar Safiyanu. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta jawo takarda, ta riƙe biron da ƙarfi irin na sabon koyo, ta rubuta Malam Buba a hankali, baƙaƙen suna hawa suna sauka. Ta rubuta sunanta a ƙasa. Sai ta miƙa masa.

"Ungo, sa naka. Fartanya ɗaya ce ta ciyar da mu, biro ɗaya ma zai ishe mu."

Ya karɓa, ya rubuta Hambali a ƙarƙashin sunanta.

Darasi: Kayan aiki ana zaɓensa ne don ya dace da aikin, ba don ya burge masu kallo ba. Abin da ba shi da madadi a bi shi a sannu, domin masu zuga ba sa tsayawa tsince ɓari. Ku tura wa 'yan uwa da abokai masu sana'a, wataƙila wani yana dab da danna nasa injin.