Sandar Auna Ciyawa

Akwai wata mata da kowa ke kira Uwar Biyu, saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa. Mijinta mai kiwon tumaki ne. Da ya rasu, ya bar mata tumaki arba'in, da filin kiwo mai shinge, da wata tsohuwar sanda rataye a bayan ƙofar rumfa.

Filin na surukinta ne tun asali. Tsohon ya raba shi biyu tun yana da ƙarfi, rabi ga babban ɗansa, rabi ga autansa, shingen waya a tsakani. Bayan rasuwar, Auta ne ya riƙa leƙa garken yayansa na wasu watanni. Kun san halin ɗan Adam, abin da ya riƙe kwana biyu sai ya fara ganin kamar da shi aka haife shi.

Wata rana ya tarar da tsohon a kan kujerarsa ta bakin ƙofa, Uwar Biyu na durƙushe tana gaishe shi.

"Baba, a haɗa garken nan da nawa kawai," in ji Auta. "Matar Yaya ta iya zuba dusa, ban hana ba. Amma kiwo ba zuba dusa ba ne."

Tsohon ya dubi surukarsa. "Ke me kika ce?"

"Baba, shekara goma sha bakwai ina bayan mijina a cikin garken nan. Abin da ya bar wa 'ya'yansa ke nan. Ina so in riƙe musu da hannuna."

Tsohon ya daɗe yana murza gwiwarsa mai ciwo, sannan ya ce, "Na ba ki haihuwar bana. In kika kai 'ya'yan tumakin nan yaye lafiya, garke na hannunki, ba mai sake tayar da maganar. In abin ya fi ƙarfinki, Auta zai karɓa."

Ta ce ta yarda. Ta tashi ta koma wajen tumakinta.

Sanyi ya ja da baya, tumaki suka fara haihuwa. Cikin mako uku rumfarta ta cika da kuka, 'ya'ya hamsin da biyu. Ta ware masu tagwaye gefe guda don su fi samun abinci, ta duba hantsar kowace uwa, ta tabbata kowane jariri ya sha nonon farko. Sai ruwa ya sauka sau biyu, filin da ya yi watanni yana fari fat ya wayi gari kore shar.

Washegari Auta ya buɗe ƙofarsa. Tumakinsa suka fita a guje, 'ya'yan na tsalle, abin gwanin sha'awa.

Ita kuwa Uwar Biyu ta ɗauko sandar nan. A jikinta, faɗin tafin hannu daga ƙasa, akwai tsaga da marigayin ya yi da wuƙa. Dokarsa ita ce, ba a buɗe wa tumaki fili sai ciyawa ta kai tsagar. Yakan ce sabuwar ciyawa ruwa ce zalla, cika ciki take yi ba ta riƙe dabba, kuma in tunkiya ta gutsire ta tun tana jaririya, saiwar ba ta sake yin ƙarfi. Ta kafa sandar a wuri biyar cikin filin. Ko rabin tsagar ciyawar ba ta kai ba. Ta koma ta zuba wa tumakinta busasshiyar ciyawa a komin da suke cin abinci.

Auta ya jingina da shinge yana dariya har da riƙe ciki.

"Matar Yaya, telan ciyawa kika koma? In kin gama awo ki ɗinka mini riga."

"In na ɗinka ma ba za ta shige ka ba," ta ce. "Kanka ya yi girma."

Da wasa aka fara, irin na matar wa da ƙanin miji. Amma kafin mako ya zagayo, duk maƙwabta sun saki dabbobinsu, ita kaɗai ta rage. Mai kawo dusa ya ji labari, ya kai wa mai gyaran shinge, shi kuma ya baza. Aka daina ce mata Uwar Biyu, aka koma Mai Awo.

Tumakin nata ma ba su raga mata ba. Suna jin ƙanshin ɗanyar ciyawa, suna hango 'yan'uwansu ta cikin waya, sai su taru a bakin ƙofa su yi ta kuka kamar an yi musu mutuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban uwaye arba'in masu shayarwa suna kallonsa ido cikin ido, ya san abin ba daɗi.

A rana ta takwas ta shiga ɗakin ajiya ta ga busasshiyar ciyawar saura dami huɗu. Ta san Auta na da tari a bayan rumfarsa wanda bai ƙara waiwaya ba. Ta haɗiye girman kanta ta je.

"Auta, ka taimaka mini da dami goma. In na yanka bana zan mayar maka."

Ya nuna mata filinta da leɓe. "Ga abinci can Allah ya shimfiɗa miki kyauta, kin tsaya kina bin umarnin sanda. Ba zan taya ki azabtar da dabbobin Yaya ba. Ki buɗe ƙofa, ko ki ba ni makulli."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don ya sa sunan mijinta a ciki. Ta juya ta koma gida.

Daga ranar ta ɗauki lauje da baro. Ta riƙa bin bakin hanya da gefen magudanar ruwa, inda ciyawa ta riga ta yi tsawo, tana yanka. Ba ta ba su ɗanya. Sai ta shanya a kan rufin rumfa ta yi yaushi, sannan ta gauraya da busasshiya. Sawu shida take yi a rana. Tafin hannunta ya yi kanta, bayanta ya riƙe, in ta sunkuya sai ta dafa baro kafin ta miƙe.

A rana ta goma sha ɗaya abin da take tsoro ya faru. Wata tsohuwar tunkiya mai yagaggen kunne, wadda marigayin ke kira Gwaggo, ta wayi gari ɗanta ba rai. Tun haihuwa ba shi da ƙwari, amma wa zai tsaya jin wannan? Kafin hantsi labari ya kai wa tsohon. Ya dogaro sandarsa ya zo, ya dubi gawar, ya dubi surukarsa.

"Ɗaya ya tafi," ya ce.

"Ɗaya ya tafi, Baba."

Ya juya ya koma gida. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Ta ɗauki sandar awon ta shiga fili. Saura faɗin yatsa ɗaya ciyawar ta taɓa tsagar. Yatsa ɗaya kacal. Ta dawo ta ɗora hannu a kan sakatar ƙofa, tumaki na turereniya a bayanta, hawaye na zubo mata. Zuciyarta na cewa, mene ne yatsa ɗaya? Sai ta tuna shekarar da ta yi wa mijinta wannan tambayar, ya ce mata, "Yatsan nan shi ne abincinsu na wata uku masu zuwa." Ta sauke hannunta, ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki bokiti ta je ta tatse Gwaggo don kada nononta ya ƙafe. Akwai 'yan uku da uwarsu ba ta ƙosar da su, su ta riƙa ba wa a kwalba.

A can ɗaya gefen shingen kuwa, abubuwa sun fara canzawa, sai dai Auta bai lura ba. Tumakinsa sun aske filin tas har ƙasa, kofatansu sun mayar da shi taɓo. Gindinsu duk zawo. Da ya ga ba abin ci, sai ya tuna da wani kwari a ƙarshen filinsa da ya killace, inda ruwa ke kwanciya, ganye mai laushi ya cika shi maƙil.

An kwana ana yayyafi. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, cikin dabbobin babu komai, ya kora su kwarin ya tafi shan shayi.

Uwar Biyu na loda baro ta ji ana kiranta, ba da muryar wasa ba.

"Matar Yaya, ki zo. Don Allah ki zo."

Ta tarar da tumaki a zube cikin ganye, cikinsu ya kumbura ta hagu kamar ganga, suna numfashi da ƙyar. Auta na tsaye a tsakiyarsu, hannu biyu a ka, ya rasa wadda zai fara kamawa.

Da wata ce, da sai ta fara tuna masa maganar tela. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kori masu tafiya su fita daga kwarin nan. Ka aika a kira likitan dabbobi. Sannan ka ruga kicin ɗina, akwai galan ɗin man girki da kwalba mai dogon wuya."

Ya ruga kamar ƙaramin yaro. Ta riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya, ta tsayar da tunkiya ƙirjinta a kan tudu, ta ɗura mata mai a hankali ta gefen baki, ta murza cikin da ƙarfi har sai ta yi gyatsa. Auta na riƙewa, ita tana ɗurawa. Kafin likitan ya iso da azahar sun tayar da goma sha tara. Shida sun mutu, sun bar 'ya'ya takwas suna zagaya gawarwakin suna neman nono.

Auta ya zauna dirshan a cikin taɓo. Ga marayu takwas, ga fili ba ciyawa, ga sauran tumaki marasa lafiya. Ya kasa ɗaga ido.

"Tashi," ta ce. "Busasshiyar ciyawar da ke bayan rumfarka, ita za su ci har cikinsu ya daidaita. Ka ga amfanin hana ni da ka yi. Marayun kuma ka kwaso mini su."

Ta zaɓi ƙanana biyu ta kai wa Gwaggo. Ta tatsi nononta ta shafa musu a ka da gindin wutsiya, ta haɗa su a ɗan ƙaramin keji. Kwana biyu Gwaggo na tunkuyinsu, a na uku aka ga tana lasarsu. Sauran shidan ta haɗa da 'yan ukun nan a layin kwalba.

Ranar da ta cika kwana goma sha shida, ta kafa sanda a wuri biyar, ciyawa ta rufe tsagar a duka biyar ɗin. Ko a nan ba ta yi gaggawa ba. Ta cika musu ciki da busasshiya tukuna, ta jira rana ta shanye raɓa, sannan ta zare sakata. Awa ɗaya ta ba su, ta dawo da su. Washegari awa biyu. Ta raba filin gida huɗu da igiya da turaku, in sun ci ɗaya ta matsar da su gaba, na baya ya huta ya sake tohowa.

Filin Auta kuwa sai da ya yi wata biyu kafin ya farfaɗo. A duk wannan lokacin, a cikin nata tumakinsa suka yi kiwo. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: shi zai riƙa shiga da sandar kowace safiya yana awo. Mai kawo dusa ya gan shi a durƙushe yana leƙen tsaga, ya buɗe baki zai yi magana, Auta ya ce, "Faɗi abin da za ka faɗa, na cancanta."

Ranar yaye tsohon ya sa aka kawo masa kujerarsa bakin garke. Aka riƙa fito da 'ya'yan ɗaya ɗaya yana taɓa bayansu. Hamsin da ɗaya na Uwar Biyu, kowanne ya yi ɓul-ɓul, ga marayu takwas na Auta, ba wanda ya mutu.

"Auta," in ji tsohon, "har yanzu kana so a haɗa garken?"

"Ina so, Baba," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma ita za ta riƙe makullin."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce garken marigayi na nan a hannun matarsa da 'ya'yansa, magana ta ƙare.

Da yamma Uwar Biyu na wanke kwalabe sai ga Auta da sabuwar sanda da wuƙa. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, ki yi mini tsagar."

Ta ɗauko ta marigayin, ta jera su biyu a ƙasa, ta yanka daidai wurin. Ta miƙa masa, ta mayar da tsohuwar bayan ƙofar rumfa inda mai ita ya saba rataye ta.

Darasi: Ba duk abin da ya yi kore ne ya isa ci ba. In ka san dalilin da ya sa kake jira, ka daure, ko da kowa ya riga ka buɗe ƙofa, ko da dariya ake yi maka. In kuma wanda ya yi maka dariyar ya faɗi, ka miƙa masa hannu kafin ka tuna masa abin da ya ce. Ku tura wa duk wanda kuka san saura yatsa ɗaya haƙurinsa ya ƙare, wataƙila yau ne yake bukatar jin wannan.