Agogon Baba Ɗanjuma

Ku matso kusa, ku kifa wayoyin nan tukuna. Akwai shari'ar da aka kawo mini ta fi ƙarfina, na ce bari in kawo muku ita ku yanke.

A Kaura Namoda akwai wata dattijuwa, Inna Asabe. Mijinta Baba Ɗanjuma ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe da rasuwa. Mutum ne da ba ya son hoto, don haka babu inda fuskarsa ta rage sai a cikin wani tsohon kaset na bikin suna, shi ma danshi ya ci shi. An kwafe shi zuwa kwamfuta, amma in aka kunna sai yayyafi da inuwar mutane.

Ana nan idon Inna ya fara dushewa. Na hagu ya tafi, na dama ya rage kaɗan. Likita ya sa ranar aiki, bai kuma ɓoye mata ba: ko ido ya gyaru, ko ɗan abin da ya saura ya tafi. Da ta dawo gida ta tara jikokinta uku, Rumasa'u da Mudansir da Huzaifa, waɗanda ke da shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ta ce, "Ni ba tsoron duhu nake ba. So nake in ƙara ganin Malam kafin a taɓa idon nan."

Akwai manhajar da ke wanke tsohon bidiyo hoto bayan hoto, sai dai tana cin lokaci. A makon ne kuma suka haɗa sabuwar kwamfuta da wata firosesa da ba ta daɗe da fitowa ba. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan ƙarfe ne bai kai tafin hannu ba. Suka ɗora mata aikin, ta yi lissafi ta nuna ba za ta gama ba sai bayan an riga an shiga da Inna ɗakin aiki.

Rumasa'u ce ta ce ba ta yarda ba. Ta san kamfani kan saita wa irin wannan ƙwaƙwalwa gudun da ya gaza iyakarta, kamar mai doki da ke riƙe linzami. Firosesar sabuwa ce, ba wanda ya riga ya gano iyakar tata balle a tambaye shi, kuma in aka zuba mata wuta fiye da kima tana iya ƙonewa, shagonsu ya durƙushe. Ta shiga cikin saitin na'urar, tana ƙara gudu kaɗan, ta ƙara ƙarfin wuta kaɗan, ta kunna, na'urar ta mutu, ta sake. Ba ta fasa ba, har lissafin ya dawo ya nuna aiki zai ƙare kafin ranar asibiti.

To amma gudu da zafi tare suke tafiya. Da aka sa mata aikin gaske sai na'urar ta ɗau zafi ta rage gudun da kanta, ta koma gidan jiya. Fankar da ke kanta tana ihu a banza, ga shi lokacin bazara ne. Nan Mudansir ya tashi. Yana da wani ɗan ƙarfe mai hanyar ruwa da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta, ya ɗaura shi a kan firosesar. Ya je wurin bakanike ya samo lagireton mota, ya haɗa da tiyo da ɗan famfo, ya tsoma lagireton cikin randar Inna. Rumasa'u ta ce a zuba ƙanƙara, ya ce a'a, sanyi in ya yi yawa ƙarfe zai yi zufa, ɗigo ɗaya ya isa ya kashe komai. Shi ya yi ta jigilar ruwa daga rijiya yana canza na randar duk sanda ya yi ɗumi, har tafin hannunsa ya yi kanta. Zafi ya sauka, gudu ya tsaya.

Suna shirin sakin aikin Huzaifa ya dafa hannun yayarsa. Ya ce ba za a fara ba sai an gwada ta da wahala. Akwai manhajar da ke jibga wa firosesa lissafi mai nauyi wanda an riga an san amsarsa, don a ga ko za ta yi kuskure. Mudansir ya ce, "Haba Huzaifa, lokacin da muke ƙwato shi ne za ka zubar?" Huzaifa ya ce, "Yaya, gara in zubar da wuni ɗaya da mu zubar da duka." Ya sa gwajin. Da fari lafiya lau, can rana ta yi tsaka sai amsa ta fito ba daidai ba, na'urar ta ƙame. Da aikin Inna ne a kai, da ya lalace a tsakiya babu sauran lokacin sakewa. Ya sa Rumasa'u ta ja da baya taki ɗaya, ya sake gwadawa, ya sake, sai da ta ɗauki kayan ba ta yi tuntuɓe ba ya ce bismillah.

Ana gobe asibiti, da la'asar, aiki ya kammala. Suka ɗauko allon suka ajiye gaban Inna a kan tabarma, ta kawo idonta na dama dab da shi. Ga Baba Ɗanjuma ya fito daga zaure riƙe da ƙwaryar goro, wani ya faɗi wata magana, ya juyo yana dariya har giɓinsa ya bayyana. Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin. Ta ce, "Ku dubi yadda ya karkata hula. Kullum sai na ce ya gyara." Ta sa aka maimaita mata wurin har aka kira magariba.

Aikin idon bai zo yadda aka so ba. Yanzu haske kawai take bambancewa da duhu, amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Rannan ta kira ni, da yake ni maƙwabcinta ne, ta kwance bakin zane ta fito da agogon aljihu na mijinta. Ta ce tana so ta bai wa wanda ya kawo mata fuskar Malam, amma agogo ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. Ta ce, "Waɗannan mazan nawa biyu da ƙawata, duk wanda na hana zai yi mini yaji."

To, ga wadda ta yi kasadar sakin linzami, ga wanda ya kashe zafi da guminsa, ga wanda ya ce a dakata alhali kowa na sauri. Ku faɗa mini, a hannun wa zan ce Inna Asabe ta sa agogon nan?