Zumar Dirka da Tsutsar Wake

Akwai wani mutum mai gonar wake a bayan gidansa. Wake ya yi fure, ya fara 'ya'ya, sai ga huji a jikin kwanso, ciki duk an cinye.

To, a tsohuwar dirkar rumfarsa akwai wata baƙar ƙudan zuma mai ƙugi, irin wadda ta yi wuyar gani a ƙasar. Ba ta shiga amya, itace take hudawa ta zauna. Da mutumin ya ga hujin dirka, ya ga na wake, sai ya ce, "Na kama ɓarawo! Yau zan ƙone dirkar nan."

Matarsa ta ce, "Maigida, ka ba ni mako biyu tukuna."

Ta ɓare kwanso, ta ciro tsutsa, ta sa a ƙwarya da ɗanyen wake, ta rufe da faifai. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ta koma kiwon tsutsa. Ko a jikinta. Kowace safiya kuma tana tsugune a gona, tana kallon zumar tana bin fure ɗaya ɗaya, ƙafafunta duk garin fure rawaya, ba ta taɓa kwanso.

Da kwanakin suka cika, ta kira mijinta, ta ɗaga faifai. Sai ga ɗan malam-buɗe-littafi mai ruwan toka ya tashi shiru, irin wanda ke sauka kan fure da magariba ya zuba ƙwai. Mutumin ya riƙe baki. Ya bar dirka a tsaye, suka bi gona suna tsince tsutsa da hannu. Kai, a shekarar nan har waɗanda suka yi dariya sun zo roƙon iri! Ni kam ina alfahari da wannan mata.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ikilisiya ce. Zumar ita ce ɗan'uwan nan mai kaushin murya, wanda kuka gaji da shi, alhali shi ke ziyarar marasa lafiya. Mai ruwan tokar kuwa gulma ce, tana sauka a hankali, ɓarnarta sai daga baya. Matar ita ce mai bi wanda ba ya yanke hukunci sai ya bincika.

Ina da irinta a cikinku, na kuwa gode wa Ubangiji. Sauran ku, kafin ku ɗauko wuta, ku je ku ga wa yake cin waken.