Binciken Asalin Kwaɗuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Kwaɗuwa ba ta manta ranar da ta fara ganin Ƙadangare a bakin tafki yana gyaɗa mata kai ba. Da maganar aure ta taso, uwarsa ta ce, "Mu jinin Kada ne, ba ma auren 'yar taɓo. A binciko asalinta!"

Aka je wurin tsohon Kunkuru. Ya ce, "Kakanta kifi ne, kakar kifi tsutsa, ita kuwa tsutsa daga wata ƙwayar halitta ta fito a taɓo, wadda ido ba ya gani."

Uwar ta ce, "Kun ji ko! Baba, faɗa musu namu."

"Ai naku na faɗa, 'yar nan. Ƙwayar ta rasa miji, sai ta rabe biyu. Rabi ya haifo ku, rabi ya haifo su."

Uwar ta amince da auren. Ƙadangare ya gyaɗa kai, yadda ya gyaɗa wa uwar tasa ranar da ta ƙi. Kwaɗuwa ta gane kowa yake gyaɗa wa kai, amma son yana nan. Ta durƙusa ta ce, "Inna, na yi alkawari, kowace damina zan kai jikokinki taɓo gaida dangi."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya faɗa taɓo ya gaida kakarsa.